Ranar da Aka Tuƙa Tuwo a Gaban Kwamitin Risho

Mun tashi tun kiran assalatu, ana ɗan yayyafi, ni da ƙawata da surukinta. Ku da kuka tura ni, 'yan uwana masu abinci na tashar Kagarko, kun hana ni sakat tun da na dawo. Kowa ta tare ni a bakin murhu sai na sake mata labarin daga farko. To ga shi a jere, kowa ta ji, a bar ni in yi tuwona.

Kun san mafarin abin. Rediyo ta yi ta sanarwa cewa hukumar da ke duba ingancin kaya za ta kafa dokar gwada kayan risho kafin a bari a sayar da su, wato tanki da lagwani da ƙarfen nan na sama da tukunya ke zama a kai. Tun da sabon risho ya fi ƙarfin talaka, kowa kayan gyara yake saye, wasu na kamfani, wasu na maƙeranmu. Aka ce za a zauna a Kafanchan, duk mai magana ya je ya faɗa kafin a rubuta dokar. Kuka ce ni zan je, wai don bakina ba ya mutuwa. Na gode, kuma na san ba yabo ba ne.

Ƙawar tawa da yawanku kun san ta a fuska, ita ke kawo mini dawa daga ƙauyensu da ke bayan gari. Kirista ce, gidan mijinta manoman citta ne. A farkon daminar nan itace ya jiƙe, sai ta kunna risho a ɗakin girki, inda aka jibge buhunan busasshiyar citta ana jiran ta yi daraja. Tana cikin tuƙa tuwo tukunya ta goce, risho ya kife, wuta ta kama. Cittar gidan ta shekara guda ta ƙone ƙurmus, ita kuma hannunta na hagu ya sha wuta har gwiwar hannu. Daga ranar sunanta a ƙauyen ya koma mai sakaci. Ba a kore ta ba, amma an karɓe girki daga hannunta, matan gida ba sa barin ta kusa da wuta, in ta shiga majami'a ana matsawa. Ta sha gaya mini cewa ƙarfen da tukunya ke kai ne ya lanƙwashe, kuma sabo ne bai daɗe da saye ba. Ba wanda ya yarda da ita. Shi ya sa na ce ta bi ni, ko a samu mai saurarenta.

Surukin nata, wato uban mijinta, dattijo ne a majami'arsu, dogo, ba ya rabo da laima. Da ya ji za ta yi tafiya sai ya ce ba a barin matar ɗa ta yi nisa ba babba a tare da ita, zai raka mu. Na ɗauka kirki ne, har na yi masa godiya.

Wata tsohuwar akori-kura muka samu, mai benci biyu a baya da rufin tamfol. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba ya ɗora wa man fetur laifi, kamar yadda suke yi ko da man ya sauka. Hanyar Kubacha kuwa a damina ba a cewa komai. Laka ja ce mai kama taya, ramuka cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Muka maƙale a wani kwari, maza suka sauka suka tura, mu mata muka zauna muna taya su da baki. Amma ƙasar nan tana da kyau, jama'a. Ko'ina kore shar, gonakin citta a jere an rufa musu ciyawa, ganyenta ya fito tsaye kamar na albasa, can kuma masara ta yi goyo, ga acca tana kaɗawa. Na lura ƙawata ba ta kallon gefen cittar, idonta yana kan ƙafarta.

Mun wuce Kubacha ke nan wani fasinja mai surutu ya tambayi dattijon ina zuwa. Sai ya gyara riƙon laimarsa ya ce zai je ne ya gaya wa gwamnati kada ta ɓata lokacinta a kan gwada ƙarfe. "Ƙarfe ba shi da laifi," in ji shi. "Sakacin mata ne. A gidana ma an yi, zan faɗa musu."

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Ashe rakiyar ke nan. Zai kai yarinyar mutane gaban jama'a ya kafa misali da ita, kuma ni da kaina na ɗauko ta. Na buɗe baki na rufe, don sa'an ubana ne. Na yi ta cizon bakin mayafi har muka iso Kwoi.

A Kwoi aka tsaya shan mai. Garin yana kan tudu, da sanyi-sanyi, ko'ina warin citta. Muka sayi koko da ƙosai a wurin wata Bajaba, 'yar asalin garin, mai fara'a. Ƙosanta ya fi namu girma amma da manja take suya, kokon kuma ta cika masa citta har yana kama maƙogwaro. A garin citta ba a yi mata rowa, ba kamar wasunku da ke nuna wa koko citta daga nesa ba. Na ja ƙawata bayan rumfa na ce mata, in ya gama nasa sai ta tashi ta faɗi nata.

Ta girgiza kai. "Yaya, ta ina zan ƙaryata Baba a gaban mutane? Ko gaskiyar tawa ce, in na yi haka na gama zama a gidan. A wurinmu matar ɗa ba ta mayar wa uban miji magana."

Na ce to me ya kawo ki? Ta ce ni na ce ta zo. Na shanye kokona ba tare da na ji daɗinsa ba.

Daga Kwoi hanya ta yi dama-dama, akwai kwalta ko da ta farfashe. Da hantsi muka hango duwatsun Kagoro, gajimare ya sauko ya rufe kansu, ba da jimawa ba muka tsallaka layin dogo muka shiga Kafanchan. Wadda ba ta taɓa zuwa ba, gari ne na jirgin ƙasa. Kowace ƙabila akwai ta, a kan titi ɗaya za ki ji Hausa da Kaje da Ibo da Turancin buroka, samari suna yi kamar ruwa. Masu mashin sun yi mana caa, dattijo ya kore su da laima ya ce da ƙafa za mu, wai kusa ne. Ba kusa ba ne.

Mun tarar da ɗakin taron ya kusa cika. Maza a gaba a kan benci, 'yan kasuwa da maƙera da masu gyaran risho da ma'aikata. Mata a baya, kamar kullum. Akwai 'yan zumuntar matan majami'a daga Samaru Kataf da zanensu iri ɗaya, akwai wasu daga Fadan Kaje da suka ce tun jiya suka sauka a wurin 'yan uwa, akwai matan cikin gari da mayafansu. Aka matsa mana muka zauna a cakuɗe, dattijo kuma ya wuce gaba wurin manya. A kan tebur akwai shugaban zama, mai furfura, da wani injiniya matashi, da wata ma'aikaciya mai tabarau tana rubuta duk abin da aka faɗa. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya yi tasa, kowa ya ce amin sau biyu ba wanda ya ragu.

Injiniyan ya fara nuna yadda suke nufin a riƙa gwajin, wani yana fassara mana. Ya cika tanki da ruwa ya matse shi, a ga ko yana yoyo. Ya auna lagwani. Sannan ya ɗauko ƙarfen zaman tukunya, irin na kasuwa mai sheƙi, ya ɗora a kan risho, ya aza masa wani dunƙulen ƙarfe wanda sai da mutum biyu suka ɗaga. Bai ko motsa ba. Ya ce duk wanda ya ɗauki wannan nauyin ya ci gwaji. In faɗi gaskiya, aiki ne mai kyau, ban taɓa sanin akwai masu zama su yi tunani a kan kayan rishona haka ba.

Sai aka ba jama'a dama. Wani Ibo mai shago ya ce in za a yi gwaji a yi shi a nan kusa, kada a ce sai an kai kaya Ikko. Shugaban maƙera ya goyi bayansa, ya ce su ba sa tsoron gwaji, nisa suke tsoro. Wani malamin makaranta ya tashi ya yi ta bayani a kan masu gauraya kananzir da fetur, har shugaba ya duba agogo. Duk maza ne, kuma na yi imani rabinsu ba su san ta inda ake murɗa lagwani ba.

Sai dattijonmu ya miƙe. Ya gaida manya yadda ya kamata, ya faɗi ƙauyensu. Ya ce shi ya ga wutar risho da idonsa, ta cinye masa wahalar shekara. Ya ce ga shi yanzu an nuna ƙarfe yana ɗaukar nauyin da ya fi tukunya, to ina laifin ƙarfe? Bai kira sunanta ba, amma ya waiwayo wajenmu, kuma duk wanda ya bi idonsa ya ga hannun da ke naɗe da tsumma. Ya rufe da tambaya: "Wace mace mai hankali ce za ta tuƙa tuwo a kan risho?"

Maza suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ƙawata ta sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na tashi ba, ba wanda ya kira ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ya yi tambaya mai kyau, kuma mata ya tambaya. A bar mata su amsa. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo a kan risho ta ɗaga hannu."

Na ɗaga nawa. Na tsaya ni kaɗai da hannu a sama kamar mai tsayar da mota, har na fara zufa. Can sai wata tsohuwa daga cikin matan Samaru ta ɗaga nata, ta ce da Hausarta ta can, "Ni ma yana yi, kullum." Shi ke nan, kamar jira ake. Masu zanen zumunta, masu mayafi, matan Fadan Kaje, duk hannuwa suka tashi. Ma'aikaciyar nan mai tabarau ta duba hagu ta duba dama, ta ajiye biro ta ɗaga nata ita ma. Hannu ɗaya ne a bayan ɗakin bai tashi ba, na ƙawata.

Na juya wajen tebur na yi musu bayani. Na ce tuwo a kan wuta ake tuƙa shi, in an sauke ya yi gudaji ya ƙi nuna. A murhu duwatsu ne ke riƙe tukunya. A risho kuwa ba abin da ke riƙe ta sai 'yan yatsun ƙarfen nan, kuma muciya ba danna tukunya take ƙasa ba, turawa take gefe da gefe.

Injiniyan ya taso daga kujerarsa. Ban ga ɓacin rai a fuskarsa ba, sai ma kamar wanda ya tsinci abu. Ya ce gwajinsu nauyin sama kawai yake aunawa, kuma irin wannan maganar ce ta sa suka fito daga ofis. Ya ce yana so ya gani da idonsa, amma ba zai yarda a kunna wuta ba, ruwa ne a tankin kuma ruwa zai zauna. Ya tambaya ko za a samu tuwo.

A Kafanchan da rana tsaka a rasa tuwo? Na fita da gudu, mata biyu suka biyo ni. A bayan ɗakin taron muka sami wata mai abinci ta zuba gari a talge ke nan. Na ce mata ni ma 'yar sana'a ce daga Kagarko, ta ba mu aron tukunyar da muciyarta don Allah. Ta dube ni kamar mahaukaciya, sannan ta ce sai dai ta biyo tukunyarta. Muka kinkimo ta da tsumma tana tururi, aka fito da risho farfajiya, jama'a suka kewaye. Aka ɗora ta a kan ƙarfen nan da ya ci gwaji ɗazu.

Shugaba ya ce wa za ta tuƙa? Kowa ya dube ni, muciya tana hannuna. Ni kuwa na ratsa mutane na je wurin ƙawata na miƙa mata. Ta ja da baya. Na raɗa mata cewa ba magana za ta yi ba, ba wanda za ta ƙaryata, tuwo kawai za ta tuƙa, kuma ba al'adar da ta hana matar ɗa tuƙa tuwo a gaban uban mijinta. Ta ɗaga ido ta dubi dattijon. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ta karɓa.

Ta gyara ɗaurin zane ta durƙusa. Ta kama kunnen tukunya da ƙonannen hannun, na ga ta runtse ido don zafi, ta soma tuƙi da na dama. Ba ta yi da mugunta ba, ba ta yi da ƙarfin nuna wa mutane ba, tuƙi ne irin na kowace mace a gidanta. Tuwo ya fara kauri, muciya ta fara nauyi. Muna kallo ɗaya daga cikin yatsun ƙarfen ya soma kwantawa a hankali, a hankali, sai tukunya ta karkace ta goce, risho ya tuntsure, ruwan tanki ya malale a ƙasa har ƙafar mutane. Da ba don injiniyan ya tare tukunyar da tsumma ba da tuwon mai abinci ya tafi. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya tsaya yana kallon ruwan nan, kowa ya san da kananzir ne me zai faru.

Shugaban maƙera ya ce a gwada nasu. Ya zaro wani baƙin ƙarfe mummuna mai kauri daga jaka, aka ɗora, ƙawata ta ƙarasa tuƙin a kansa har tuwo ya yi sumul, bai motsa ba. Maƙera suka dinga washe baki kamar an yi musu haihuwa. Injiniyan ya ce zai rubuta a ƙara gwajin turawa ta gefe a cikin dokar, amma ba zai yi mana alkawarin yadda za ta fito ba, don akwai sauran garuruwa da za a saurara. Na ji daɗin da bai yi mana daɗin baki ba. Sannan ya juyo kanmu mata ya ce mu ma da namu: a daina ƙara kananzir risho yana ci, a daina girki kusa da buhuna da kayan da ke kama wuta. Nan fa bakinmu ya mutu, har nawa.

Ina gaya muku, ban taɓa jin alfahari da sana'ar nan kamar ranar ba. Muciyar da ake raina mu da ita, ga ta an rubuta ta a takardar gwamnati.

Bayan an tashi muka koma wurin mai abincin muka ci tuwon da miyar karkashi, ta ƙi karɓar komai daga ƙawata. Na leƙa kasuwa na sayo manja da acca, don sun fi namu araha nesa ba kusa ba. Jirgi ya yi kuka daga tasha, na so in je in gani, amma rana ta karkata. Muka kama hanya. Dattijon bai ce uffan ba tun daga Kafanchan har Kwoi, daga Kwoi har Kubacha. Hankalina ya tashi. Na ce a raina ko na kunyata shi ne, in ya huce a kanta fa? Ita ma na ga tsoron a fuskarta. Don haka da muka iso mararrabar ƙauyensu gab da magariba, na ce wa direba ni ma nan zan sauka.

Muna shiga gidan ya tsaya a tsakar gida, ko ruwa bai sha ba, ya ce a kira masa kowa. 'Ya'yansa maza suka fito, har mijinta, matan gida suka fito da ludayi a hannu. Ƙawata ta rakuɓe a jikin rumbu. Ya ba su labarin abin da ya gani a taƙaice, bai rage komai ba, har hannuwan da aka ɗaga. Sannan ya dubi ƙasa.

"Ƙarfe ne ya lanƙwashe, na gani da idona," ya ce. "Cittar kuma ni na ce a zuba ta a ɗakin girki, don rumbu yana yoyo. Kun sani, ni ma na sani, muka bar ta ta ɗauka ita kaɗai. Ranar Lahadi bayan sujada zan tashi a majami'a in faɗi haka da bakina." Ya juya wajenta. "'Yata, ki gafarta mini."

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ba komai." Ta rufe fuska da hannun nan ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Uwar mijinta ta zo ta ɗaga ta. Ni ma na juya baya na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, ba wanda ya yarda. Mijinta ya kawo ni gida a kan keke, na iso ana sallame isha'i.

Abin da na koyo a tafiyar nan, 'yan uwa, shi ne in gwamnati ta ce a zo a faɗa, to a je, kada a ce na masu boko ne ko na maza. Su sun san awo, mu mun san girki, kuma in ba mu je ba maza za su je su yi magana a madadinmu da zuciya ɗaya, su yi kuskure. Dokar ban san yadda za ta fito ba, ban san ranar fitarta ba. Abin da na sani shi ne Lahadin nan dattijon ya tashi ya cika maganarsa a gaban ikilisiya duka, kuma da ƙawata ta kawo mini dawa ranar kasuwa ba ta zauna hira ba. Ta ce sauri take, ita ke da girki.